Zayyanar Hamidu na Ƙofa

A garin Ƙofa aka haifi Hamidu, a nan ya tsufa, ban kuma taɓa jin ya wuce Tudun Wada ba. Gonarsa ba abin magana ba ce, dawar da yake girba ko bazara ba ta kaiwa. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. In yaro ya sauke Alƙur'ani, allon da zai riƙe ranar walima Hamidu ke yi wa zayyana. Ya shafe shi da farar ƙasa, ya ja layuka da alƙalamin kara, ya cika gidajen da ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ya bar fili a tsakiya. Filin nan na Malam Rufa'i ne, shi ke rubuta ayoyin da yaron zai karanta.

Haka suka yi shekara da shekaru, wannan na zane, wancan na rubutu. Malam ke karɓo aiki, shi ke kai wa masu shi, amma daga Bebeji har Kiru ba mai cewa allon Malam Rufa'i. Zayyanar Hamidu ake cewa. Ni Adamu, katangarmu ɗaya da Hamidu, na san abin nan ya daɗe yana ci wa Malam tuwo a ƙwarya.

Shekarun da aka fara kiran mutane ajin yaƙi da jahilci, hakiya ta fito wa Hamidu a ido. Da fari yakan kanga allo dab da hanci. Daga baya launuka suka haɗe masa, ya koma aiki a cikin gida, matarsa Saude na jera masa ƙoƙunan tawada, ja a dama, kore a hagu. Layi ya riƙa hawa kan layi. Saude na gani, amma da wane baki za ta faɗa?

Malam kuwa bai daina kawo aiki ba. Ya naɗo allo cikin ƙyalle, ya biyo ta bakin kasuwa kowa na gani, ya shiga gidan Hamidu, bayan kwanaki ya fito da shi a naɗe. Hamidu har ƙiba ya yi don daɗi. Yakan ce mini, “Ido ya tafi, Adamu, amma hannu bai manta ba.”

Wata rana yana shafa farar ƙasa, babban yatsansa ya faɗa wani ɗan rami a wuyan allon. Ya san ramin nan. Ya ɗaga allon, ya ji ya fi na baya rashin nauyi. Ya yi masa ƙaramar tsaga da wuƙa a gefe, ya yi zanensa ya bayar. Da Malam ya kawo sabon aiki, yatsa ya tarar da tsagar tana nan.

“Malam, allon nan na san shi. Kankare shi ake yi a dawo mini da shi.”

Ina zaune a zauren. Na zaci Malam zai ji kunya, ashe ban san shi ba. Dariya ya yi.

“Tunda ka gane, ka hutar da ni. Surajo tela ke yin zayyanar da nake kai wa mutane, wanda ya dawo daga Kano da galura da ƙarfen jan da'ira. Abin da kake yi yanzu, Hamidu, ko kaza ce ta taka tawada ta fi ka. Sai dai mutane sunanka suke so, to dole su ga allo ya shiga gidanka.”

Hamidu ya rantse sai ya tona. A makon aka yi walimar ɗan Alhaji Mudi mai fataucin gyaɗa, ni na ja masa sanda har ƙofar gidan. Bai kai ga buɗe baki ba, Alhaji ya taso ya riƙe hannunsa biyu.

“Malam Hamidu, Allah ya ƙara basira! Allon wan yaron nan da ka yi kana da ido, in aka ajiye shi kusa da wannan, sai ka ce wasan yara. Ashe da can ido ne ke hana ka aiki.”

Jama'a suka ɗauka, kowa na cewa gaskiya ne. Malam Rufa'i yana kan tabarma yana jan carbi, ya ce ikon Allah ke nan. Hamidu ya ce, “Alhamdu lillahi.”

A hanyar gida ya tsaya. “Adamu, tsakaninka da Allah, ya fi nawa kyau?”

Na ce masa rana ta yi, mu tafi. Bai sake tambaya ba.

Da Malam ya sake kawo allon, Hamidu ya karɓa ya jingine shi a bango, ko ƙyallen bai kwance ba. Haka Malam ya dawo ya same shi. Ya ɗauka, ya duba, ya ce madalla, hakan ma ya fi, ya huta da kankara.