Rawar Kaumi

Kaumi mai ganga maƙwabcinmu ne a unguwar Yerimaram tun marigayi maigidana yana da rai. Ni ban damu da kiɗa ba, Allah ya sani, amma katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma kunne ba shi da marfi. Kusan duk iyayen unguwar nan shi ya yi musu kiɗan aure. Da tsufa ya zo, hannunsa na dama ya fara rawa, aka daina kiransa. Duk da haka kullum da hantsi sai ya shanya gangar a rana, kamar wani zai aiko.

A shekarar 1998 Abbas, wani saurayi daga unguwar Hausari, ya dawo daga Kano da fiyano, wata na'ura mai kiɗa da kanta in an haɗa ta da janareta. Samari suka haukace, wai kiɗan disko ne daga Turai. Ranar bikin Fiddausi, 'yar ƙanwata, Abbas ya kunna na'urar, ana ta tsalle bayan la'asar, sai wata tsohuwa ta ce, "Turai ta ina? Wannan kiɗan Kaumi ne, da shi aka kai ni ɗaki." Abbas ya yi dariya, ya ce haka ne, tun yana yaro ya haddace shi, a Kano ya zuba shi cikin na'urar.

Nan take aka je aka ɗauko tsoho. Ya zo da rigarsa ta Sallah, ganga a kafaɗa, yana gaishe da kowa har yara.

"Baba, ga 'yarka, ku buga tare," in ji Abbas yana shafa na'urar. "In ka bi ta har ƙarshe, duk bikin da aka kira ni, da kai za mu je."

"Ɗan nan, ni na haife ta, zan kasa bin ta?"

Da farko sun tafi daidai, har tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa. Daga inda nake zaune na ga Abbas yana danna wani maɓalli kaɗan-kaɗan, yana ƙifta wa abokansa ido. Kiɗa ya ƙara gudu. Kaumi ya bi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Abbas ya sake dannawa. Hannun Kaumi ya kama karkarwa, sandar kiɗan ta suɓuce, ta faɗa cikin masu rawa.

"Batirin Baba ya ƙare!" wani ya yi ihu. "A kai shi caji!"

Tsoho ya sunkuya yana lalube tsakanin ƙafafu. Ba wanda ya fasa rawa, ita ma na'urar ba ta tsaya ba.

Abbas bai taɓa zuwa biki da shi ba. Amma samari sun samu sabuwar rawa: a sunkuya, a karkaɗa hannun dama, a yi lalube a ƙasa. Rawar Kaumi suke ce mata, ta kai har unguwar Dogo Nini. Jikokinsa ma sun iya. Na ga ƙaramar tana koya wa ƙawayenta a ƙofar gida, shi yana zaune a kan tabarma yana kallo.