Zarton Soja da Aka Yi wa Kwalliya

Muna idar da sallar asuba muka bar Madina, ni da wani abokina, muka nufi Jidda. A hanya muka tsaya cin ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, ful ɗin duk ruwa, kuɗin kuma kamar nama muka ci. Ban ko yi ƙorafi ba, hankalina na kan abin da zan ɗauko.

Kun san cutata: tara tsofaffin zarton inji na yankan itace. Ina da wani na farar hula, jan fenti, na daɗe ina neman ɗan'uwansa na soja. Injinsu ɗaya ne sak. Bambancin kawai, na soja koren fenti ne marar sheƙi, da ɗan farantin ƙarfe mai lamba a gefe. Abin da mu masu tarawa ke bi ke nan. Sai aka turo min hoton irinsa a unguwar Sa'alaba ta Jidda, wajen wani dattijo Bahaushe haifaffen Jidda, mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Kore shar, farantinsa lafiya lau!

Lungunan Sa'alaba ba su ɗaukar mota, a bakin titi muka ajiye ta muka taka cikin zafi da gumi. Dattijon ya tarbe mu da shayi da dabino, ya rantse sai mun ci shinkafa. Sannan ya yaye buhun da ya rufe zarton.

Jama'a, ja! Ja wur, yana ƙyalli, fentin ko gama bushewa bai yi ba.

"Baba, ina koren?"

"Na kankare, ɗana. Baƙo zai taso tun daga Madina in miƙa masa kaya da datti? Aib, abin kunya! Wancan ƙarfen na gefe ma duk tsatsa, na ɓamɓare na zubar. Halas, shi ke nan, ya koma sabo."

Nan take na miƙe. Na tona kwandon shara, na leƙa kwata, babu faranti. Ga shi sa'an mahaifina ne, ga shinkafarsa a cikina, yana ta murmushi yana jiran yabo. Wa zan yi wa ihu? Haka na ce Allah ya saka da alheri, na ɗauka, don barinsa cin fuska ne.

Har Madina abokina na ta dariya har da hawaye. Abin da na koya: in ka ga tsohon kaya a hannun mutanenmu, kafin gaisuwa ka ce kada a taɓa.

Na ajiye shi kusa da nawa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Duk wannan tafiya, irin wanda kake da shi ka ƙaro?"