Katin da Inna ta yanka

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma mahaifiyata Bafulatana ce, daga ruga aka kawo ta Ƙofar Guga a birnin Katsina. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son na ci abinci, sai ta kalli ƙanwata ta ce, "Ki ce ma yayanku tuwo na hucewa," alhali ga ni zaune a kan tabarma ɗaya da su. Haka na tashi, ban ɗauke shi komai ba, sai da boko ya shiga kaina.

Lokacin cike fom ɗin shiga jami'a na zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam. Baba ya so na yi lauya, muka yi ta ja har ya gaji ya ce na je Allah ya ba da sa'a. Katsina ba ta da abin da nake so a lokacin, sai na tafi Jos. Ta wajen Inna kuwa, dambun nama kawai na tarar a ƙasan jakata da na isa.

A can ne na karanta yadda yaro ke shaƙuwa da uwarsa, da abin da ke samun wanda aka yi wa rowar kulawa. Wallahi kowane shafi sai na ga kamar da gidanmu ake. Na dawo hutu ina kallon Inna da idon littafi, ni a dole masani.

Bayan na gama bautar ƙasa, Baba ya rasu, Inna kuma hawan jini ya sa ta gaba. A shekarar na nemi digiri na biyu, wurare biyu suka ba ni gurbi. Ɗaya a Kano, fannin ba ɗalibai shawara, duk Juma'a ina gida. Ɗayan can kudu, kwana guda a mota, amma suna da asibitin koyarwa, a nan ake horar da masu zama da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi raina ke so tun farko. Sati biyu aka ba ni na amsa. In na tafi, shekara biyu ce, kuma ina tsoron a kira ni a waya a ce na zo babu Inna.

Abin da nake nema bai fi kalma ɗaya daga bakinta ba, ta ce zauna ko ta ce tafi. Sai na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na same ta da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, na jawo kujera na zauna daf da ita, na kalle ta ido cikin ido yadda aka koya mana, na tausasa murya na ce, "Inna, ya kike ji a ranki game da tafiyata?"

Ta saki rariyar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce wa ƙanwata, da ƙarfi don a ji daga ɗaki, "Kin gani ko? Na tafi ko na zauna duk ɗaya ne a wurinta." Ƙanwata ta harare ni ta ce, "Yaya, karatun nan naka dai bai hana ka shirme ba." Kwana uku ina cika ina batsewa, gaisuwa kawai ke haɗa ni da Inna.

Ranar Alhamis na dawo daga masallaci da azahar na tarar ba ta nan. Matar da ko biki sai an yi da gaske take fita. Sai la'asar ta shigo, ƙafafunta sun kumbura, ta wuce ɗaki. Jim kaɗan ƙanwata ta fito ta miƙo mini wata 'yar takarda, irin wadda likita ke rubuta magani.

Ashe tun safe ta sa ƙanwata ta raka ta asibiti, sashen masu taɓin hankali. Ta ce tana son ganin babban likitan wurin, aka ce ba a ganin shi sai da kati. Sai ta yanki kati da sunanta. Ta zauna a benci cikin layin marasa lafiya tun ƙarfe takwas, har wata maƙwabciyarmu da ta kawo ɗanta ta gan ta, ta riƙe baki. Kowa ya san yadda magana ke yawo a unguwa. Inna ta gaishe ta, ta ci gaba da zamanta.

Da layi ya zo kanta, likitan ya tambaye ta me ke damunta. Ta ce lafiyarta lau. Ta ce wani yaro ne a unguwarsu yake son ya yi irin aikin nan, an ba shi makaranta biyu, wacce ta fi? Ƙanwata ta ce likitan ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya ko yaron ɗan fari ne. Inna ta sunkuyar da kai. Ya yi murmushi ya jawo takarda ya rubuta: in aikin asibiti yake so, ya tafi inda akwai asibitin koyarwa.

Na karanta ya fi sau biyar. Na tashi na je ƙofar ɗakinta, wannan karon ban shiga ba, na durƙusa daga bakin labule. Tana kwance ta juya baya, ƙanwata na matsa mata ƙafa.

Inna ta ce, "Ki ce ma yayanku ya tahi can ɗin. Ciwo na Allah ne, zamanshi ba ya hana komi. Ki ce mashi na yarda."

Akwai maganganu da yawa da na so faɗa mata kai tsaye, na haɗiye su duka, don na gane nauyin da za su ɗora mata. Na juya wajen ƙanwata, hawaye na zuba, na ce, "Ki ce mata na ji. Ki ce mata ta yafe mini."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta maimaita, Inna ta ce, "Bar shi, na ji."