Inna Kande, Wayar Ba Ta Riƙe Komai Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, bayan azahar, ina cikin auna jarirai a asibitin da nake aiki a Danchadi, kawuna Ja'afar ya kira ni daga Lambara ya ce Allah Ya yi wa kakata, Inna Kande, rasuwa. Kafin in samu mota in isa har an kai ki makwancinki. Ban ga fuskarki ba, Inna. Tabarmarki na tarar a naɗe, da madaɓinki jingine a bayan ƙofa.

Duk wanda ya yi wayo a Lambara da Mandera kafin siminti ya cika gari ya san ki. Ba a daɓe ɗaki sai an aiko miki. Ke ce mai ba da waƙa, mata na amshi, madaɓai na sauka tare. Shekarar da ruwa ya rushe ɗakin maƙwabciyarmu Hawwa'u, ga marayu uku, ke kika bi gida gida kika tara mata, kika hana kowa tashi sai da ƙasa ta yi sumul. Ni kuwa ina da shekara huɗu mahaifiyata Mansura ta rasu, kika goya ni, kika sa ni makaranta, kika riƙa yi mini tsiya wai likitar da ba ta iya dama fura ba.

Kina da wata doguwar waƙar daɓe wadda kika gada. A cikinta ake jero matan gidanmu, uwa bayan uwa, har tara, kowacce da kirarinta da abin da hannunta ya iya. Baiti na ƙarshe ke kika ƙara shi da kanki, na mahaifiyata ne. Ba ni da hotonta, ban riƙe muryarta ba. Abin da na sani game da ita yana cikin wannan baitin, ni kuma ban taɓa zama na haddace shi ba, don ina ganin kina nan.

Bara da rani muna dawowa daga Shagari a mota, direba ya sa wata tsohuwar waƙa. Kika ce kin san ta tun kina budurwa amma sunan mawaƙin ya ɓace miki. Na ciro waya na taɓa manhajar nan mai gane waƙa. Kafin ki gyara ɗankwali ta kawo sunansa da hotonsa. Kika riƙe baki, kika ce, "Wagga aba ta hi maroƙin gari sanin mutane!" Da muka isa gida kika shimfiɗa tabarma, kika ce in kawo ta ki ba ta taki.

Daga nan ya zama al'adarmu. Duk Juma'ar da na zo, sai ki sa zanenki mai kyau kamar za ki karɓi baƙo, in ajiye wayar a gabanki, da'irar nan tana motsi alamar tana saurare, ki yi ta waƙa. Kullum sai ta rubuta ba ta gano ba. Ki ce, "Mi tac ce?" In ce ba ta san waƙar ba tukuna. Ki yi dariya ki ce ai dole, ba ta taɓa riƙe madaɓi ba. Sannan ki tambaye ni, "Amma dai ta riƙe?" In ce, "Ta riƙe, Inna." Wallahi haka na ɗauka. Na zaci abin da ya saurara ya ajiye. Ke ma da wannan kika kwantar da hankalinki, har kika faɗa wa Ja'afar cewa kin sauke nauyi, kin bar wa Safinatu, wato ni, kayanta a cikin waya.

Bayan addu'ar uku na keɓe a ɗakinki na buɗe manhajar don in ji muryarki. Sunayen waƙoƙin rediyo na gani a jere, da na mawaƙin nan na cikin mota. Naki babu. Na hau mota zuwa Bodinga wurin Auwal mai gyaran waya, na roƙe shi kamar in durƙusa. Ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Malama, wagga ba ta aje murya. Tana ji, ta gwada da waɗanda ta sani, in ba ta samu ba ta yar." Sai ya nuna mini wani ɗan maɓallin ɗaukar murya da ke cikin wayar tun ranar da na saye ta. Da shi na taɓa sau ɗaya, da yanzu ina da ke. A bakin shagonsa na zauna na yi kuka, mutane na wucewa.

Tun daga ranar ban huta ba. Na je wurin Hawwa'u, ta tuno mata uku na farko, sauran sun kuɓuce mata. Na je Mandera wurin Asabe, tsohuwar 'yar amshinki, an ce bara ta rasu. Baitin mahaifiyata babu wanda ya riƙe, don kin yi shi ne bayan an daina daɓe. Ina roƙon duk wadda ta taɓa yi wa Kande amshi, ko ta ji uwarta na rerawa a bakin murhu, don girman Allah ta neme ni a asibitin Danchadi. Ko layi ɗaya ne ina so, zan zo har inda take.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna Kande, Ka yalwata kabarinta, Ka sa aljanna ce makomarta, Ka haɗa ta da 'yarta Mansura cikin rahamarKa. Ina miƙa ta'aziyya ga kawu Ja'afar da iyalinsa, da dukan dangi na Lambara da Mandera, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ke kuma Inna, ki yafe mini amsar da na riƙa ba ki. Ba ta riƙe ba. Amshin kaɗai ya rage a bakina, ina ta yin sa, ba mai ba ni waƙa.