Gammon Matar Cikin Hoto

Shekarun baya, muna zaune a Glenwood, can ƙasar waje, ɗiyata ta dawo daga makaranta da aikin gida. An ba su wani tsohon zane, irin wanda ake sassaƙawa a ƙarfe a buga a takarda. Titi ne na Turawan da: ga attajiri cikin keken doki, ga wata mata ba takalmi da kwando a ka. Wai su bayyana talauci da arziki a ciki.

Ni uwar iyayi na karɓe aikin. Na ce, "Rubuta, wannan mata abar tausayi ce, wulaƙanci ya gama da ita."

Lokacin mahaifiyata ta zo mana ziyara daga gida. Shekara ashirin tana ɗaukar tumatir daga lambu zuwa kasuwa, amma ni na gaya wa yarinyar nan wai kakarta babban shago gare ta. Kunya nake ji, gaskiya.

Mahaifiyata ta ce, "Miƙo in gani." Ta kai takardar dab da ido. "Kai! Wannan ta iya gammo. Dubi wuyanta, ko riƙe kwandon ba ta yi ba. Mai keken nan shi ya sunkuya kamar an masa mutuwa. Mai kaya a ka ba ta sunkuyar da kai, in ta sunkuya 'ya'yanta sun kwana da yunwa."

Ɗiyata ta tambaya cikin Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, yaya kika sani?"

Ina ta ƙifta wa mahaifiyata ido, ko kallona ba ta yi ba. Ta zame ɗankwali, ta kama hannun yarinyar ta ɗora a tsakar kanta, inda gashi ya daina fitowa tuntuni. "Nan ne shagon da uwarki ke faɗi."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ina jiran in ga yarinya ta raina mu, sai ta ɗauko tawul ta ce a koya mata naɗa gammo. Ta goge abin da na sa ta rubuta, ta rubuta nata.

Talaucin matar gaskiya ne, ban musa ba. Wulaƙancin kuwa ni na kai shi cikin hoton. Yau hoton yana rataye a falona, kuma duk baƙon da ya tambaya nakan ce, "Sana'ar mahaifiyata ke nan." Ina faɗa, kaina a miƙe.