Rayuwar 'Yar Fargaba da Na'urar da Ba Ta Dawo Ba

Haihuwa

An haife ta a shekarar 1954, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Tun tana ƙarama aka yi mata laƙabi da 'Yar Fargaba, domin ba ta rufe ƙofa face ta komo ta sake taɓawa.

Karatu da aure

Ta kammala jami'a a 1978 a fannin ƙera na'urorin asibiti, ita kaɗai mace a ajinsu. A 1981 ta auri wani malamin lissafi mai barkwanci, wanda yakan ce ko gaisuwa ya yi mata sai ta gwada ingancinta kafin ta amsa.

Shugabanci

A 1993 aka naɗa ta shugabar cibiyar ƙera na'urorin lafiya, inda ta jagoranci samar da na'urar taimaka wa bakwaini numfashi, wadda ta zama sanadin rayuwar jarirai masu ɗimbin yawa. A 1999, tana gwaji, ta gano cewa wani bututun roba a cikinta yana ƙandarewa idan ya tsufa, ya toshe iska ba tare da ƙararrawa ta kaɗa ba.

Shugaban hukumar gudanarwa ya nemi a rufa asiri. "Ranki ya daɗe, ai ba wanda ya mutu," in ji shi.

Ta ce, "To ɗan wa za mu jira ya mutu?"

Ta ba da umarni aka janye na'urorin baki ɗaya, aka gyara. Duk sun dawo sai guda ɗaya, domin asibitin da ya saye ta ya rufe, an yi gwanjon kayansa.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2014 da lambobin yabo, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta bi dillalai, ta leƙa ɗakunan haihuwa tana duba bayan kowane inji, kuma ko waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura a ranar. Ta bar mijinta, da 'ya'ya uku: babbar likita ce, mai bi mata lauya, auta malamin makaranta, da jikoki bakwai. Wasiyyarta gare su ita ce kada a daina cigiya. Har yau ba a san ɗakin da na'urar take ba, balle jaririn da ke numfashi da ita. Allah ya jiƙanta.