Jinin Mutumin Lab

Ko tsufa zai yashe mini kai har in riƙa neman almakashi alhali yana hannuna, akwai wata Talata da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yarinyar da aka haifa ran nan har ta fara zuwa Islamiyya, amma duk sadda na tuna sai in ji ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

Ni tela ne a Talata Mafara. Shagona ba wani babba ba ne, sai dai Allah ya yi shi a bakin hanya, ga inuwar dogon yaro, don haka ya zama majalisa ba tare da na gayyaci kowa ba. Ina da wata 'yar lasifika da nake sa wa memori ina sauraren littattafan nan da ake karantawa a waya, don ɗinki aikin hannu da ƙafa ne, kunne zaman banza yake yi. Yawancinsu na soyayya ne, muna ji muna tsaki. Sai ran nan mai tura mana kaya a waya ya ce ga wani sabo ya shigo, ana fitar da shi kashi-kashi, kuma in ban saurara ba an yi ba ni.

Labarin wani ƙaton birni ne mai benaye, inda dangi biyu ke gaba da juna mutanen gari ba su sani ba. Dangi guda masu shan jini ne, 'yan gayu masu kwat da manyan motoci, ba su ƙaunar rana. Ɗayan dangin kuwa da rana mutane ne kamar kowa, in wata ya cika sai su rikiɗe su koma kuraye. Marubuciyar ta iya tsiya, Allah ya sani. Ta sa masu shan jinin sun buɗe ɗakunan gwaji ko'ina a birnin. Ka je da ɗan zazzaɓinka, a soke ka a yatsa, a ɗauki ɗigo guda, mai gwajin ya juya baya ya lasa. In jininka ya yi masa daɗi, to sai dai wani ba kai ba, duk inda ka shiga zai biyo ƙamshinka.

Kafin a ce haka, majalisa ta rabu. Abokina mahauci, wanda muka tashi tare tun muna wasan langa, ya bi bayan kuraye. Ya ce su ne maza, gaba da gaba suke zuwa, ba su laɓewa bayan farar riga. Muka yi ta tsokanarsa cewa ai dole, kura da mahauci abokan sana'a ne. Wasu suka ce littafin banza ne, ɓata lokaci, amma su ne ke fara tambaya ko sabon kashi ya fito. Ni dai ra'ayina shi ne matar ta iya ƙulla zance, kuma ƙanzon kurege ne daga farko har ƙarshe.

Wanda ya fara juya abin shi ne wani ɗan kabu-kabu mai yawan bin hanyar Bakura, mutum mai bakin tsiya, wanda ko akuya ta yi atishawa sai ya samo mata dalili. Wata rana ana tsakiyar sauraro ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya rage murya ya ce, "Ku tsaya mana. Wagga mata hwa ba ƙirƙira ta yi ba. Ina ta san a yatsa ake soka? Ina ta san suna juya baya? Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ta gani, tsoro ya hana ta faɗi kai tsaye, shi ne ta sa shi a littafi."

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Wa bai taɓa zuwa asibiti ba?"

Ya ce, "To shi ke nan. Amma ka duba mutuminka da kyau."

Mutumin nawa da yake nufi wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne da aka turo asibiti daga wata jiha, kowa na kiransa mutumin lab. A wajena yake ɗinka fararen rigunansa na aiki. Dogo ne siriri, kullum da baƙin tabarau, kuma in rana ta take ba ka ganinsa a waje. Babban laifinsa a garin nan shi ne gajeriyar gaisuwa. Mu da za mu tambaye ka gida da iyali da gajiya da ruwa da kasuwa, shi daga "sannunku" sai ya wuce. Ga shi ba ya cin goro, kuma an taɓa miƙa masa tsire a majalisa ya ce ya gode, bai ci ba. Mahauci bai yafe masa wannan ba.

Tun daga ranar aka sa masa ido. Wani ya ce ya ga firji a ɗakinsa, mutum gwauro, mi zai aje a ciki? Wani ya ce karnukan unguwarsu na haushi in ya wuce, kamar akwai wanda ba su yi wa. Wata rana mutumin lab ya kawo mini riga in gyara aljihu, aka ga ɗan tabo a hannun rigar, ranar an kusa cinye ni da tambaya. In ya doso shagon sai a yi tsit, a bi shi da kallo, in ya ba da baya ɗan kabu-kabu ya ce, "Biri ya yi kama da mutum." Ni dariya nake yi, na ɗauka irin shaƙiyancin majalisa ne da ake bari a kan benci in an tashi. Ashe gida suke tafiya da shi, har suna raba wa matansu.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, maiɗakina ta kai watanta. Da safiyar wata Talata, ranar kasuwarmu, naƙuda ta kama ta, muka kai ta asibiti. Ta sauka lafiya, 'ya mace. Ina waje ina ta washe baki ina amsa barka, sai na ga nas-nas sun fara shiga da fita da gudu-gudu. Can wata babba a cikinsu ta fito ta ce, "Kai ne mijinta? Jini ya ɓalle mata. Mun sa mata ledar jini guda da muke da ita irin nata, babu saura. Ka nemo wanda zai ba da jini yanzu-yanzu, ba anjima ba."

Na ce a ɗebi nawa. Aka kai ni wajen mutumin lab, ya soke ni a yatsa, ya juya ya nufi teburinsa. Ba zan ɓoye ba, da ya juya bayan nan sai da na tuno littafin nan, ka ji sharrin zama da mutane. Ya dawo ya ce nawa bai zo daidai da nata ba. 'Yan uwanta duk suna Maradun. Na buga wa yayanta, yana gona, ya ce ga shi nan tafe, amma kowa ya san halin da hanya ke ciki, ba a binta sakaka sai an sami ayari. Nas ta ce ba za a iya jiransa ba.

Na fita a guje sai shago. Ranar kasuwa ce, majalisa ta cika. Ina faɗi, wallahi ba wanda ya yi nawa, wannan kam zan shaide su har gaban Allah. Mahauci ya bar teburinsa da nama a kai, ɗan kabu-kabu ya goya mu, wasu suka biyo baya. Muka isa ƙarti reras, kowannensu na iya ba da leda bai ji ko jiri ba. Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama.

Sai ƙofar ɗakin gwaji ta buɗe, mutumin lab ya fito da tabaransa, hannunsa riƙe da 'yar allura da auduga. Ya ce, "Wa zai fara?"

Ba wanda ya motsa. Wani ya tuna cewa bai karya ba. Wani ya ce jiya ya kwana da zazzaɓi. Ɗan kabu-kabu ya ce bari ya gyara wa mashin tsayuwa, ya fita, ban sake ganinsa ba ranar. Na juya wajen mahauci, don shi ne nawa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ka ji, zan ba da. Leda biyu ma in ana so. Amma wata nas ta ɗiba, ba wanga ba. Kuma kada a taɓa mini yatsa."

Mutumin lab ya ji. Ya ce cikin natsuwa, "Ba a ɗibar jinin mutum sai an gwada. In aka sa mata wanda ba irin nata ba, shi zai kashe ta."

Mahauci ya ja da baya ya dubi sauran ya ce, "Kun ji ko? Sai an gwada! Mi na ce muku?"

Jama'a, ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba. Na cakumi wuyan rigarsa, rigar da ni na ɗinka masa da salla, na ce, "Kai, tatsuniya ce hwa! Mace ce ta zauna a ɗakinta ta rubuta! Uwar ɗiyana na can tana mutuwa kana kawo mini zancen littafi?" Na zage shi, na roƙe shi, har na durƙusa. Ya ƙi duban idona. Zufa ke keto masa. Mutumin da ke kama ƙahon bijimi ya kayar, ga shi yana tsoron allurar da ba ta kai ƙayar aduwa ba. Ba ƙeta ce ba, tsoro ne na gaske, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce, "Ni ma ina da ɗiya. In wani abu ya biyo ni, wa zai riƙe mini su?"

Sai na ji an dafa kafaɗata. Mutumin lab ne. Ya cire tabarau, ran nan na fara ganin idanunsa, jajaye suna ta ruwa, ashe ciwon ido ke gare shi. Ya ce, "Malam tela, tashi. Bar su. Jinina irin nata ne." Ya kira wani abokin aikinsa, ya naɗe hannun riga ya kwanta a kan gadon da kansa. Ina tsaye ina kallon ledar tana cika. Da aka gama duk abin da ake yi, ya tashi zaune da ƙyar, ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗauka da hannunka ka bi nas. Kada a ce na kurɓa a hanya."

Ashe duk abin da ake faɗi a shagona yana sane. Na karɓa. Na bi nas har ƙofar ɗakin haihuwa ina rungume da ledar a ƙirji. Sadda yayanta ya iso daga Maradun bayan la'asar, maiɗakina ta buɗe ido har tana tambaya ina jaririyar.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na ce yanzu kunya za ta hana su haɗa ido da bawan Allah nan, wataƙila ma su je su ba shi haƙuri. Ina! Ran da na koma shago, tun ban gama share keke ba ɗan kabu-kabu ya faka, ya yi mini barka doguwa kamar ba abin da ya faru, sannan ya matso ya ce, "Ka saurari kashin da ya fito kana asibiti kuwa? Ashe ba sha kaɗai suke yi ba. In suna son mutum ya zama nasu, jininsu suke ba shi. Ka ga yadda ya yi saurin kwanciya? Wa ya roƙe shi? Ni dai shawara ce, ka riƙa lura da ita. In ta fara ƙin rana, ka nemi malamai."

Allah ne ya tsare, don almakashi na hannuna. Na ce ya tashi ya bar mini shago, kuma in ya sake taka inuwar nan sai dai a raba mu a wajen hukuma. Amma zancen ya riga ni shiga gari.

Ranar suna mahauci ya zo ya feɗe rago, ya yi aikinsa tsaf, sai dai matarsa ba ta leƙo ba. Matan da suka saba cika mana gida, waɗansu daga bakin ƙofar ɗaki suka yi barka suka juya. Aka miƙa musu jaririya, suka ce hannunsu da sanyi. Tuwo ya yi ta zama a kwano. Mutumin lab kuwa ya zo, ya ce "sannunku", ya zauna a gefen tabarma shi kaɗai, ya yi wa yarinya addu'a ya tafi. Bai cika shekara ba ya nemi a mayar da shi jiharsu.

Da yamma mutane sun watse, na shiga ɗaki. Maiɗakina na zaune a bakin gado, har lokacin ba ta gama yin ƙwari ba, tana duban kwanonin da ba a taɓa ba. Ta ɗago ta ce, "Baban yara, mi na yi musu?"

Yaya zan gaya wa matar da ta leƙa kabari ta dawo cewa laifinta shi ne ta rayu?

Har yau ina sauraren littattafai a shago, don littafi bai yi mini komai ba, marubuciyar ma ba ta san da zamanmu ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, zargi in ya riga ya zauna a zuciya ba ya jin hujja. Ka yi rowa ya ce ga shi nan, ka yi alheri ya ce da walakin. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna a bencina ya rage murya zai fara auna wani bawan Allah da ba ya nan, sai in tsayar da keke in ce masa ya tashi. An ce na yi zafi, na yarda. Ni na san inda irin wannan hirar ke ƙarewa, a kan gadon matar wani take ƙarewa.